Wanzamin Motocin Tashar Goronyo

Kafin 'yan kamasho su fara kiran Wurno da Sakkwato, Baba Andrawus ya riga ya iso rumfarsa da ke bakin tashar Goronyo. Ba ya fara buɗe akwatin kayan aiki. Sai ya tsaya a fili, ya tuɓe hula, ya riƙa juya fuskarsa a hankali har ya ji ta inda iska take bugun kuncinsa. Sannan ya waiwayi mahaifiyata, wadda ke suyar ƙosai a gefen rumfar, ya ce, "Inno, yau masu komowa daga Sakkwato za su ji a jikinsu."

Ita kuwa amsarta ba ta sakewa. "Kai dai da duban sama. Zo ka amshi kununka tun bai huce ba."

Daga nan motoci su fara tsayawa, a-kori-kura masu ɗaukar albasa da tafarnuwa da shinkafa. Idanunsa sun dushe, wutar walda ta cinye su, don haka da tafin hannu yake duba mota. Ya shafo ta tun daga goshi har saman kaya, ya ja igiya, ya daki tamfol. In ya ji wani buhu ya yi tsini sama da kan mota, ko bakin tamfol yana lilo, faɗa ya tashi ke nan. Ba ya raga wa kowa, yaro ko mai furfura.

A ginshiƙin rumfar nan yanzu akwai jan fenti. Shugabannin tasha sun ba shi zuwa ƙarshen kakar albasa ya tashi, za a gina shaguna a wurin. Ɗakin da yake kwana yana manne da bayan rumfar, in ta tafi shi ma ya tafi. Ba shi da inda zai nufa sai wajen ɗiyarsa Rose a Yola, ya bar garin da ya tsufa a cikinsa, ya bar kabarin matarsa.

Ni Safara'u ce, ɗiyar Inno mai ƙosai. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ban iya magana cikin taro ba. Amma an yi taro a kan mutumin nan, waɗanda suka iya maganar ba su yi ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Daga ƙasar Garkida ya zo yana saurayi, lokacin da ake gina madatsar ruwa, yana cikin masu waldar ƙofofinta. Da aiki ya ƙare, kamfani ya kwashe injunansa, abokan aikinsa suka watse, shi ya zauna, don ya riga ya auri Mama Monica, ma'aikaciyar jinya. Ruwan dam ya kawo noman rani, noman rani ya kawo motocin ɗaukar kaya, motocin kuma suna son mai yi musu ƙarafunan bodi. Haka ya kafa rumfa. Yau in ya buɗe baki ba ka bambanta shi da haifaffen Goronyo. Ya ce in ya je ganin gida, dariyar Hausarsa ake yi.

A wancan zamani, a tasharmu, mota ba ta cika mota ba sai an kafa mata allo a saman kai. Faffaɗan katako ne a cikin ƙarfe, tsaye ƙiƙam, faɗinsa faɗin motar, an rubuta sunan mai ita da manyan baƙaƙe. Tun daga nesa za a ce ga motar wane can tafe. Wanda ya fi dukiya shi ya fi dogon allo. A bayan allon ga ƙarafuna dogaye, ga tamfol da ake bari a rataye ko da an sauke kaya. Baba Andrawus da hannunsa ya kafa da yawa daga cikinsu, bai taɓa musun haka ba.

Babanmu yana tuƙa ɗaya daga cikin motocin Alhaji Abdulƙadiri, wanda allonsa ya fi na kowa tsawo. Sai aka lura da wani abu. Da rani motar takan tafi Sakkwato maƙil da albasa ta sha mai daidai misali, amma in ta juyo gida wayam sai ta sha fiye da na zuwa. An sake fulogi, an wanke kafireto, har turare aka yi mata. Ba ta daina ba.

Alhaji ya yi lissafin da kowa zai yi. Rannan a tsakiyar tasha, gaban jama'a, ya miƙa hannu ya ce wa Babanmu, "Jelani, ba ni makullina. Jaki ma ranar da yad ɗauki kaya ya fi cin ciyawa. Kai taka motar sai ta sauke kaya taka jin ƙishirwa? Ka tahi wajen 'yan bumburutun da kaka saida ma su ba ka mota."

Ina ƙarama lokacin, amma ban manta ba. Babanmu ya daina zama majalisa, masallaci ma sai an tada salla yake shiga ya tsaya a sahun baya. A makaranta yara suka sa mini suna ɗiyar mai tsotson tiyo. Babu mai motar da ya yarda ya ba shi tuƙi. Direbobin da suka san motocinsu ma haka suke yi, kowa ya ja bakinsa, don kada a waiwayo kansa.

Baba Andrawus ba abokin Babanmu ba ne, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Wata rana ya je Sakkwato sayen wayar walda, ya dawo tsaye a bayan irin motar nan. Ya ce tun daga Achida yake jin allon yana kuka a kan ƙarafunansa, tamfol kuwa ya kumbura kamar babbar riga a jikin mai babur. Sai ya tuna ginshiƙan madatsa, yadda aka yi wa kowanne hanci kamar gaban kwalekwale don ruwa ya tsage ya wuce. Bai ko ajiye kayansa ba ya zarce ƙofar gidan Alhaji, inda mutane ke zaune bayan la'asar. Waɗanda suke wurin har yau suna ba da labarin.

"Alhaji, na gano ɓarawonka."

"Wane na?"

"Shina bisa kan motarka, da sunanka rubuce ga goshinai."

Mutane suka yi dariya, Alhaji bai yi ba. Ya ce, "Andrawus, walda ta taɓa maka kai? Katako na da baki?"

"Ba shi da baki, amma shina da ƙirji. In za su Sakkwato da rani, iskar gabas na bayansu tana tura su. In sunka juyo, kokawa suka yi da ita har gida. Ka taɓa shiga gulbin Rima ka riƙe ƙyaure ga gabanka, ka ce za ka inda ruwa ka hitowa? Iska ruwa ta, Alhaji, jiƙa mutum kaɗai na ba ta yi."

"In ƙarya kaka yi hwa?"

"Ka aiko a ɗauki injin waldata."

Injin nan shi ne abincinsa da na iyalinsa, kuma a kan mutumin da ba su haɗa komai ba ya ɗora shi.

Aka fitar da motocin Alhaji biyu iri ɗaya. Aka bar wa ɗaya allonta da tamfol, aka kwance wa ɗayar, aka naɗe tamfol aka ɗaure a ƙasa. A Sakkwato aka cika tankunansu da mai har baki, Alhaji ya sa wa kowane tanki kwaɗo ya jefa makullan a aljihu. Babanmu ya ja mai allon, Alhaji na zaune a gefensa. Wani direba da ake kira Tambari ya ja wadda aka kwance wa. Da suka iso tasha aka buɗe, aka zura kara a kowane tanki. Ta Babanmu ta sha kamar yadda ta saba sha, ga kwaɗo, ga mai ita a ciki. Karan ɗayar kuwa ya fito a jiƙe da tazarar da ko makaho ya shafa zai ji.

Alhaji ya dubi karan nan, ya dubi jama'a. Sai ya jefa wa Babanmu makulli ya ce, "Ai ni ban ce ka yi sata ba. Cewa niy yi mai na ɓata." Iyakar haƙurin da aka ba mu ke nan. Sannan ya juya ga Baba Andrawus, ba godiya, ya ce, "To, sunana hwa? Ƙasa za a aje shi?"

Baba Andrawus ya kwantar da allon baya, ya mai da shi gangare daga kan mota zuwa saman kaya, yadda iska za ta hau ta zame. Tambari ya zagaya motar ya ce, "Yanzu sai shirwa ka karatun sunan Alhaji. Wanga ba mai walda ba na, wanzami na." Sunan ya bi shi har yau.

Kai ne, Baba Andrawus, ka mayar wa gidanmu da sunansa. Kai ne ka sa na koma makaranta ina iya ɗaga kai. Ba mu taɓa zuwa mun durƙusa a gabanka mun faɗi haka ba. Mun ɗauka kunun safe ya isa godiya, alhali ko kunun biya kake yi.

Ba zan ce bai taɓa kuskure ba, shi ma ba zai so in ce ba. Da Tambari ya sayi motar kansa, Baba Andrawus ya ɗaure masa albasa da tamfol tamau ta kowane gefe, don kada iska ta sami wurin kamawa. Ya manta albasa ma numfashi take yi. Motar ta yini a rana tana jiran layi a kasuwa, da aka buɗe rabin kayan ya dahu. Tambari ya zo rumfa ya zazzage masa ruɓaɓɓiyar albasa a ƙafa. Baba Andrawus ya ɗauko tsintsiya. Ya share, ya yi wa Tambari aiki kyauta har kakar ta fita, ya kuma sake dabara: tamfol a gaba da sama kawai, a miƙe sumul, gefe kuma asabari don kaya su sha iska. Duk da haka har gobe in Tambari zai wuce sai ya ce, "Ina kwana, wanzamin da yay yanke kunnen yaro."

Shi kuma ya ce, "Lahiya lau. Yaron dai shina ji da ɗayan."

Da direbobi suka ga aski yana da amfani, sai suka zarce. Kowa ya riƙa sakin ƙyauren bayan motarsa in zai dawo wayam, wai iska ta sami hanyar fita. Baba Andrawus ya ce su rufe. Suka ce tsufa ya fara kama shi, jiya ya ce a ba iska hanya, yau ya ce a tare ta. Bai yi gardama ba. Ya karɓi daro guda na ɓawon albasa wajen mata masu tsinta, ya zuba a bayan mota, ya ce duk mai shakka ya hau. Mahaifiyata tana cikin waɗanda suka hau, don ta ce ita ma ta gaji da musun da ake yi mata a bakin kaskon ƙosai. Da ƙyaure a rufe, ta ce, ɓawon nan ya tashi yana ta juyi a bayan kan mota kamar ana gauraya fura, amma bai fita ba. Da aka saki ƙyauren sai ga shi yana bin titi. Baba Andrawus ya ce musu iskar da ke juyi a ciki ita ce matashin da ta sama take zamewa a kai, in ka buɗe ka zubar da matashin, ta saman ta faɗo ta riƙe maka wutsiya. Wasu suka rufe. Wasu har yau a sake suke yawo, don kada a ce sun bi maganarsa.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Rabah, aka kuma hana sayar da mai a jarka. Motar da za ta shiga kwaso mutane ba ta da abin dogaro sai abin da ke cikin tankinta, kuma kowa ya san abin da ke samun motar da ta mutu a wannan hanya. Tambari ne ya yarda zai je. Kafin ya tashi Baba Andrawus ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Kada ka bari a tsai da komi. Gado a kwance, ƙyaure a kwance, mutane su zauna ƙasa. Kuma ko zuciyarka ta ce ka taka, kada ka taka. Gudu ba ya rage maka hanya, ƙarhi yaka ƙara ma iska."

Uwaliya, wadda yanzu take zaune a bayan gidanmu, tana cikin motar da 'ya'yanta. Ta ce mata sun yi kuka da Tambari ya hana a ɗora wani kabad da ba ya kwantuwa, sun zage shi da ya ƙi gudu alhali ana jin harbi a nesa. Ta ce injin ya fara tari suna hango Wurno, mai ya ƙare ya mutu a daidai gidajen farko, maza suka sauka suka tura. In an tambayi Tambari yau, cewa yake yi ikon Allah ne da iya tuƙi. Ikon Allah ne, babu shakka. Amma Allah ta hannun wani yake yi, kuma Tambari ya san hannun.

Kai ne, Baba, ka tsaya a bakin tasha tun hantsi har suka iso, ba ka ci komai ba. Ni na kawo maka abincin, ni na mayar da shi.

Tun da fetur ya yi tsadar da ya yi, babu a-kori-kurar da za ka gani da tsayayyen allo daga Boyekai har Rabah. Kowace an kwantar mata da kai, an daidaita kayanta da tsawonta, an gangarar da su ta baya. Samarin masu walda sun kwaikwaya, ba wanda ya zo ya tambaye shi, leƙe kawai suka yi. Kun san mi ake kiran wannan gyara a Wurno da Achida? Askin Alhaji. Wai don a motocinsa aka fara gani. Na taɓa faɗa wa Baba Andrawus ina jin zafi, sai ya ce, "Bar su, ɗiyata. Mota ba ta san sunan kowa ba." Ya faɗa ne yana dariya, amma ranar bai ƙarasa kununsa ba.

Alhaji Abdulƙadiri shi ne shugaban tasha yanzu. Makon jiya aka kira taro a gindin darbejiya a kan maganar shaguna. Ina bayan teburin mahaifiyata, ina ji. Baba Andrawus ya miƙe, ya dogara sanda ya ce, "Tun da niz zo garin ga ban roƙi kowa komi ba. Yau ina roƙo. Kusurwa ɗaya nika so, inda zan aje akwati da tabarma. Ba ni iya walda yanzu, amma hannuna na gani."

Alhaji ya ce shagunan duk an riga an raba, amma in jama'a suna da magana su yi. Ya dubi dama, ya dubi hagu. "Akwai mai magana?"

Tambari ne kaɗai ya buɗe baki. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ka san baƙo raɓa na."

Baba Andrawus ya juya inda muryar ta fito ya ce, "Raɓar da tag girmi gemunka, Tambari."

Wasu suka yi 'yar dariya, suka haɗiye. Daga nan shiru. Direbobi sun fi a ƙirga a wurin, kowanne motarsa da hannun mutumin nan a jikinta. Wani yana duban waya, wani yana gyara takalmi. Ba zan jera sunayen waɗanda suka yi shiru ba, don a cikinsu akwai wanda ba na iya ɗaga ido in dube shi. Na san motar da yake ci da mu a cikinta ba tasa ba ce. Na sani. Sanin bai hana ni kasa cin tuwo ba ranar. Aka shafa fatiha aka watse.

Washegari da safe Babanmu ya zo rumfa, ya tsuguna, ya daɗe yana gaisuwa. Can ya ce in ranar tafiya ta zo, shi zai ɗauki kayan ya kai su Sakkwato inda ake shiga motar Yola. Baba Andrawus ya lalubo kafaɗarsa ya dafa. "Motar ba taka ba ta, Jelani. Kada a sake cewa ka sha mai. Tashi ka kama aikinka." Babanmu ya tashi ya tafi.

Mahaifiyata ta tambaye shi wa zai riƙa share kabarin Mama Monica in damina ta zo. Ya ce, "Ita ta amshi haihuwar rabin waɗanda sunka zauna taron nan. Sai mu gani ko ita sun san ta." Inno ta ce ita za ta riƙa zuwa, ko da mutane za su yi magana. Ni ma zan bi ta.

Baba, na gode. Na gode a madadin gidanmu, da Uwaliya da 'ya'yanta, da duk direban da ya kai gida da sauran mai a tanki bai san dalili ba. Wanzamin da bai taɓa zubar da jinin kowa ba, Allah ya saka maka, ya ba ka lafiyar ido, ya sa Rose ta riƙe ka fiye da yadda muka riƙe ka. Mun ci amfaninka muna kiranka baƙo. Ka yafe mana in za ka iya, in ba za ka iya ba ma ban ga laifinka ba.

Ku kuma samarin da kuka gaji sana'arsa, ku yi koyi da shi a abin da ya fi kwantar da allo wuya. In kun ga an ɗora wa mutum laifin da kuka san ba nasa ba ne, ku tashi ku je ƙofar mai ɗorawar, ko da ba ku haɗa komai da wanda aka zalunta ba. In kun ɓata wa wani kaya, ku share ku gyara. In an tambaya ko akwai mai magana, ku yi.

An fara kwance kwanon rumfar tun jiya, ba a ma jira albasa ta ƙare ba. Ranar Asabar da hantsi zai tashi, a motar haya, daga tashar nan. Duk wanda ya san yana da abin faɗa masa ya zo. Sai dai ku sani ba ya gane fuska yanzu, tsayawa daga nesa a ɗaga hannu ba zai yi ba. Wanda ya zo sai ya matso kusa, ya faɗi sunansa da bakinsa.